Yadda Ake Gane Bawul ɗin Gas na Injin Ɗumama Gida Ya Kai Canji

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Minesota ko Toronto ko Kalgari ya san sanyin can ba irin na Funtua ko Jos ba ne da za a ƙara bargo a kwanta. Idan injin ɗumama gida ya tsaya a tsakiyar Janairu, kafin gari ya waye ɗakuna sun yi sanyi ƙalau, kuma idan abin ya ɗauki kwanaki, ruwan da ke cikin bututun famfo yana iya daskarewa ya fasa su. Shi ya sa hankalin mai gida yake tashi, ya yarda da duk abin da mai gyara na farko ya faɗa masa. Abin da kuwa ake yawan ji shi ne, bawul ɗin gas ne ya mutu, sai an canza.

Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuma ba shi ba ne. Bawul, wato na'urar da ke buɗe wa gas hanya zuwa wuta ta kuma rufe ta, yana cikin sassan injin da suka fi ƙarko, amma shi aka fi ɗora wa laifin da ba nasa ba, domin shi ne kusan na ƙarshe a jerin abubuwan da ke aiki kafin wuta ta kama. Duk abin da ya lalace kafin a zo kansa, shi za a gani ya ƙi buɗewa. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwanmu da ke zaune a Amurka da Kanada, musamman sababbin zuwa waɗanda ba su taɓa zama da irin wannan inji ba. Akwai abin da za ka iya yi da idonka da kunnenka da hancinka. Akwai kuma inda dole ka tsaya ka bar wa mai lasisi. Kwance bututun gas da canza bawul suna cikin na biyun, kuma ba na sassauci a kan wannan.

Ka fara sanin abin da ake magana a kansa

Injin yawanci yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko cikin wani ɗan lungu mai ƙofa. Ka bi bututun ƙarfen da ya kawo gas da ido. Kafin ya shiga jikin injin za ka ga wani ɗan hannu, galibi ja ko rawaya. Wannan shi ne marufin hannu. Idan hannun ya miƙe tare da bututu, gas a buɗe yake. Idan ya gitta bututun, a rufe yake. Ka koya wa kowane babba a gidan wannan tun kafin a buƙace shi, har da uwargida da manyan yara.

Bawul ɗin da muke magana yana ciki, bayan murfin injin. Wani dunƙulen ƙarfe ne da bai fi dunƙulen hannu biyu ba, bututu ya shiga ta gefe ɗaya ya fita ta ɗaya, da wayoyi biyu ko fiye a kansa, da ɗan makunni na kunnawa da kashewa. Sau da yawa za ka ga sunan Honeywell ko White-Rodgers ko Robertshaw a jikinsa, ko da kuwa injin kansa na Carrier ne ko Lennox ko Goodman ko Trane. Aikinsa biyu ne. Na farko, idan allon lantarkin injin ya aiko masa da wuta bolt 24, wani naɗin waya da ke cikinsa yana zama maganaɗisu ya ja ƙofar ta buɗe, da wutar ta yanke kuma sifirin ya mayar da ita ta rufe. A bawul na zamani ƙofofin biyu ne a jere, domin idan ɗaya ta ƙi rufewa ɗayar ta tare. Na biyu, yana rage ƙarfin gas ɗin ya daidaita shi kafin ya kai bakunan wuta. Saboda haka lalacewarsa ba ta wuce hanya huɗu: ya ƙi buɗewa, ya ƙi rufewa, ya kasa daidaita ƙarfin gas, ko ya riƙa yoyo.

Idan ka ji wari, babu bincike

Gas ɗin kansa ba shi da wari. Kamfanoni ne suke zuba masa wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai domin hanci ya kama shi. Idan ka sauka ƙasa ka ji wannan wari da ƙarfi, ko ka ji tsaki kamar iska na fita daga taya, kada ka kunna fitila, kada ka kashe wadda ke kunne, kada ka ƙyasta komai, kada ka yi waya a wurin. Ka fitar da iyali, ka bar ƙofa a buɗe, ka kira layin gaggawa na kamfanin gas ko 911 daga waje. Lambar kamfanin tana kan takardar biyan kuɗin wata, ka sa ta a wayarka tun yau.

Mazauna bayan gari da ke amfani da tankin furofen su ƙara kula. Gas ɗin bututu ya fi iska sauƙi, yana tashi sama. Furofen ya fi iska nauyi, kamar dai gas ɗin tukunyar girki da muka sani a gida, yana kwanciya a ƙasa ya taru a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kana iya tsayawa a bakin matakala ba ka ji komai ba, alhali ƙasa ta cika.

Mataki na farko: ka zauna ka kalli injin yana tashi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, kuma ba ya cin ko kwabo. Idan babu warin gas, ka sa wani ya tsaya a wurin tamostat, wato ma'aunin zafin da ke bango, kai kuma ka durƙusa gaban injin. Yawancinsu suna da ɗan gilashi a murfi da ake leƙa wuta ta cikinsa. Ka ce ya ɗaga ma'aunin sama da zafin ɗakin da kamar digiri biyar. Ga abin da lafiyayyen inji yake yi, bi da bi.

Da farko wata ƙaramar fanka za ta tashi. Ita ce mai zuƙe hayaƙi ta tura shi waje. Wani makunni mai jin ƙarfin iska zai tabbatar da cewa hanyar hayaƙin a buɗe take. Sannan ƙyastun lantarki zai fara aiki: a yawancin injuna wata 'yar sanda ce da ke yin ja-wur har ta haska cikin injin, a wasu kuma tartsatsi ne mai ƙara tas-tas-tas. Bayan wasu daƙiƙu za ka ji ƙwas, sau ɗaya. Wannan ƙarar bawul ce. Nan take wuta shuɗiya za ta kama daga bakin wuta na farko ta bi sauran. Wata siririyar sanda da ke tsaye cikin harshen wutar za ta shaida wa allon lantarki cewa lallai wuta ta kama. Bayan kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, babbar fanka ta tashi ta fara hura ɗumi cikin gida.

Yanzu ka lura a ina jerin ya tsaya, domin wurin da ya tsaya shi ne rabin amsar.

Idan babu abin da ya motsa ko kaɗan, ba bawul ba ne. Ka duba batirin tamostat, da makunnin injin da ke kama da na fitila a bango ko a jikinsa, wanda sau da yawa wani yake kashewa bisa kuskure, da akwatin rarraba wutar gida. Ka tabbatar murfin injin ya zauna daidai, domin akwai maɓallin da murfin yake dannewa, idan bai danne ba injin ba ya tashi. A kan allon lantarki kuma akwai ɗan fiyus irin na mota, mai amf 3 ko 5.

Idan ƙaramar fanka ta tashi tana ta juyi amma ƙyastu bai yi ja ba, nan ma ba a kai ga bawul ba. Ko dai ƙyastun ya tsage, ko makunnin iska ya ƙi yarda. A injunan zamani masu fitar da hayaƙi ta farin bututun roba a gefen gida, ka fita ka duba bakin bututun. Dusar ƙanƙara tana toshe shi, haka ma ganye da sheƙar tsuntsu. Irin waɗannan injuna suna fitar da ruwa ta wani siririn tiyo, idan ya toshe shi ma yana hana su tashi.

Idan wuta ta kama da kyau, shuɗiya, sannan ta mutu bayan daƙiƙa uku zuwa bakwai, ta sake gwadawa ta sake mutuwa, to bawul ya nuna maka da kansa cewa yana buɗewa. Kusan kullum sandar jin wutar ce ta yi datti. Ƴar wutar lantarkin da take aikawa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ɗan tsatsa ko toka ya isa ya tare ta, sai allon ya ɗauka wuta ba ta kama ba ya rufe gas. Goge ta aikin 'yan mintuna ne. Na san gidan da aka kawo musu lissafin sabon bawul a kan wannan matsala, mai gyara na biyu ya zo ya goge sandar, injin ya ci gaba da aiki har hunturu ya fita. Tun daga lokacin nake ce wa mutane su kalli injin kafin su ɗauki waya.

Idan injin ya yi aiki na wasu mintuna ya tsaya, babbar fanka kuma ta ci gaba da hura iska, ka zaro filta, wato matatar iskar injin, ka duba. Filtar da ta cika da ƙura tana hana iska wucewa, injin ya yi zafi fiye da kima, makunnin kariya ya yanke gas. Siraran filtoci ana canza su ne duk wata ɗaya zuwa uku.

Inda zargi yake fara faɗawa kan bawul shi ne nan: fanka ta tashi, ƙyastu ya yi ja-wur, lokacin buɗewa ya yi, amma wuta ba ta kama ba. Yawancin injuna za su gwada sau uku ko makamancin haka, sannan su kulle kansu na wani lokaci, galibi kamar awa ɗaya. Kada ka yi ta kashewa kana kunnawa don ka tilasta masa. Sau ɗaya ko biyu ya isa ka ga abin da kake son gani.

Mataki na biyu: ka karanta fitilar allon

Ta wani ɗan gilashi a murfin ƙasa za ka ga 'yar fitila tana ƙiftawa. Ka ƙirga ƙiftawar, gajeru nawa, dogaye nawa, kafin ka kashe wutar injin ko ka cire murfi, domin a wasu injuna da wuta ta yanke bayanin yake gogewa. Fassarar tana manne a bayan murfin. Kowane kamfani da tasa, saboda haka kada ka ɗauki ta gidan maƙwabci. Ka ɗauki hoton takardar da bidiyon ƙiftawar da wayarka, zai taimaki mai gyara.

Mataki na uku: shin gas na zuwa ma kuwa?

Bawul ba zai ba da abin da bai samu ba. Ka duba marufin hannu ko a buɗe yake. Ka duba ɗan makunnin da ke kan bawul ɗin kansa, domin wani lokaci wanda ya zo duba injin a ƙarshen bazara yana kashe shi ya manta. Ka gwada murhun girki idan na gas ne, ka kuma duba ko tankin ruwan zafi yana aiki. Idan duk sun mutu, matsalar daga mita ce ko daga kamfani, ko kuma tankin furofen ya ƙare. A tsananin sanyi, ƙanƙara tana iya lulluɓe madaidaicin ƙarfin gas da ke jikin mita a waje. Ka share dusar da tsintsiya ko da hannu a hankali, kada ka doka da shebur, kada ka zuba ruwan zafi.

Alamomin da suke nuna bawul ɗin kansa

Idan ka wuce duk waɗancan, ga abubuwan da ke sa a tsaya a kansa.

Shiru a lokacin ƙwas. Ƙyastu ya yi ja, ka kasa kunne, babu ƙara, babu wuta. Ko naɗin wayar da ke ciki ya ƙone, ko allon bai aiko da wuta ba, ko wata waya ta saki. Biyu daga cikin ukun nan ba laifin bawul ba ne, saboda haka sai an auna.

Ƙwas ba tare da wuta ba. An ji ƙarar, gas yana zuwa gidan, ƙyastu lafiya lau, amma babu abin da ya fito. Wannan yana nuna ƙofar ciki ta maƙale, ko ɗaya ta buɗe ɗayar ta ƙi. Akwai masu ba da shawarar a ɗan buga bawul da ƙotar sukudireba. Wani lokaci yakan buɗe, amma bawul ɗin da sai an buge shi yake buɗewa, wata rana zai maƙale a buɗe. Idan bugu ne ya tayar da shi, hukuncinsa ya riga ya fito, canji ne.

Yau ya kama, gobe ya ƙi. Naɗin waya da ya fara gajiya yakan yi aiki idan yana da sanyi, ya ƙi idan ya ɗau zafi. Irin wannan ya fi wahalar kamawa, domin sau da yawa mai gyara yana zuwa injin ya tashi lafiya. A nan bidiyon da ka ɗauka da rubuta lokutan da abin ya faru suke da rana.

Gurnani ko karkarwa. Ɗan amo kaɗan ba komai ba ne. Amma idan bawul yana kaɗawa kar-kar-kar, wuta tana tashi tana faɗuwa tare da ƙarar, ko dai wutar da ke zuwa masa ta gaza saboda ƙaramar taransifomar injin ko sakakkiyar waya, ko kuma shi ne ya gaji.

Wuta ta ƙi mutuwa. Wannan ita ce alamar da ta fi kowacce haɗari. Tamostat ya ce ya isa, ko ma an kashe makunnin injin, amma har yanzu akwai harshen wuta a bakunan, ko da ƙarami ne yana lilo. Idan an yanke lantarki gaba ɗaya wuta kuma ba ta mutu ba, babu sauran shakka, bawul ba ya rufewa. Ka gitta marufin hannu nan take, kada ka sake buɗewa sai an canza.

Wuta mai rauni ko mai wuce kima. Idan madaidaicin ciki ya lalace, gas zai yi kaɗan, gida ya ƙi ɗumi ko da injin ya kwana yana aiki, ko ya yi yawa, wutar ta riƙa ruri, injin yana yawan yankewa saboda zafi, baƙin hayaƙi yana taruwa. Amma a yi hattara: wuta rawaya mai lilo, ko ƙarar bum lokacin kamawa, sun fi zuwa daga dattin bakunan wuta ko ƙarancin iska. Idan kuma harshen wuta yana rawa ko yana leƙowa waje daidai lokacin da babbar fanka ta tashi, wannan yana iya zama tsagewar tukunyar ƙarfen da ke raba hayaƙi da iskar gida. Wannan ya fi matsalar bawul girma nesa ba kusa ba. Ka kashe injin ka kira mai gyara a ranar.

Yoyo daga jikinsa. Idan an shafa ruwan kumfa kumfar ta riƙa kumbura a mahaɗar bututu, ana iya kwancewa a sake ɗaurewa. Idan daga jikin bawul ɗin take fitowa, daga tsaga ko daga inda aka haɗa ɓangarorinsa, ba ya gyaruwa.

Ruwa ya taɓa shanye shi. Wannan mutane da yawa ba su sani ba. Idan ambaliya ta shiga ɗakin ƙasa har ruwa ya kai bawul, canza shi ake yi ko da ya bushe yana aiki. Masu ƙera injunan da kansu suna rubuta wannan a littafin da ke zuwa da inji. Laka da tsatsa suna zama a ciki inda ido ba ya gani, su hana ƙofar rufewa watanni bayan an manta da ambaliyar.

Mataki na huɗu: awon da ke yanke hukunci

Daga nan aiki ya koma hannun mai lasisi, amma ka tsaya kusa ka gani, haƙƙinka ne. Awo biyu ne suke tabbatar da mutuwar bawul, kuma duk mai gyaran kirki yana da kayan yin su a jakarsa.

Na farko da mitar hannu ta auna lantarki. Zai ɗora ta a kan wayoyin bawul daidai lokacin da ya kamata ya buɗe. Tagar 'yan daƙiƙu ce kawai. Idan bolt 24 ko kusa da haka ya iso bawul bai buɗe ba, zargi ya tabbata a kansa. Idan bai iso ba, sai a koma baya: allon lantarki, wayoyi, taransifoma, ko ɗaya daga makunnan kariya. Zai iya kuma kashe wuta ya cire wayoyin ya auna naɗin da ke ciki, idan mita ta nuna hanya a yanke take, naɗin ya ƙone.

Na biyu da manomita, abin auna ƙarfin gas. A jikin bawul akwai 'yan ramuka biyu masu murfi, ɗaya a mashiga ɗaya a mafita. A can ana auna wannan ƙarfi ne da incin ruwa, wato inci nawa gas ɗin zai iya ɗaga ruwa a cikin bututu. Ga gas ɗin bututu, abin da ke shiga yakan kai wajen inci 7, abin da ke fita zuwa bakunan wuta kuma galibi inci 3.5 ne. Ga furofen, na fita yakan kai wajen inci 10. Injuna masu hawa biyu, ƙaramar wuta da babba, suna da adadi biyu. Ainihin abin da injinka yake buƙata yana rubuce a kan takardar da ke manne a cikinsa, ita ce alƙali. Idan na shiga ya cika, na fita babu ko kaɗan, ko yana hawa yana sauka, ko an juya abin daidaitawa bai motsa ba, bawul ya tafi. Idan kuwa na shiga ne yake faɗuwa da zarar wuta ta kama, matsalar tana wajen mita ko bututu, sabon bawul ba zai magance komai ba.

Saboda haka idan an ce maka bawul ne, ka tambaya cikin ladabi: wuta nawa ta iso masa lokacin buɗewa, kuma gas nawa ke shiga, nawa ke fita? Wanda ya auna zai ba ka amsa nan take, har ya nuna maka a mita. Wanda bai auna ba, ka biya shi kuɗin zuwansa ka nemi wani ya sake dubawa.

Tsofaffin injuna masu 'yar wutar tsaye

A tsofaffin gidaje har yanzu ana samun inji mai 'yar wuta da ke ci dare da rana. Idan ka danne maɓalli ta kama, ka saki ta mutu, kada ka fara da zargin bawul. Akwai wata siririyar sandar tagulla a cikin harshen wutar, ana kiran ta tamokopul, da zafi ke sa ta samar da 'yar wutar lantarki da ba ta wuce milibolt 30 ba, ita ke riƙe ƙofar kariya a buɗe. Ita ce take yawan gajiya, kuma tana da araha. Sai an sa sabuwa, an goge bakin 'yar wutar, abin ya ƙi, sannan a koma kan bawul. Maɓallin da ya ƙi juyawa da hannu kuma ba a sa masa filaya. Idan ya ƙage, canji ne.

Idan ya tabbata sai an canza

Ba a farke bawul a gyara cikinsa. Ɗungurungum ake cire shi a sa sabo, kuma dole ya dace da injin: irin gas ɗin, girman bututu, hawa ɗaya ko biyu, mai buɗewa a hankali ko mai buɗewa gaba ɗaya. Gidan da ke kan furofen yana buƙatar a sauya wa sabon bawul sifirin ɗinsa da kayan da aka tanada don haka, in ba haka ba wutar ba za ta taɓa daidaita ba. Wannan na ɗaya daga dalilan da nake hana mutane sayen bawul a intanet su ɗaura da kansu. A lardin Ontariyo, hukumar TSSA ce ke ba masu aikin gas takardar shaida, a jihohin Amurka kuma kowacce da tsarinta. Ka nemi ganin lasisin, ba rashin kunya ba ne.

Kafin ka biya, ka duba garanti. Kamfanoni da yawa suna ba da shekara 10 a kan sassan inji idan an yi masa rajista bayan girkawa, shekara 5 idan ba a yi ba. Da lambar da ke jikin injin ake dubawa. Idan yana ciki, kuɗin aiki kawai za ka biya. Idan kuma injin ya haura shekara 15 zuwa 20, ka sa a duba lafiyar tukunyar ƙarfen kafin ka zuba kuɗi a bawul, kada ka sayi sabon bawul wa injin da za a cire baɗi.

Aikin da aka yi da kyau ba ya ƙarewa da ɗaure bututu. Ka ga an shafa ruwan kumfa ko an bi kowace mahaɗa da na'urar shinshina gas, har da 'yan ramukan awon da aka buɗe. Ka ga an sa manomita an daidaita ƙarfin da ke fita daidai da takardar injin, domin sabon bawul ba lallai ya zo a daidaice ba. Ka ga an tayar da injin an kashe sau biyu ko uku, wuta tana kamawa lami lafiya tana mutuwa gaba ɗaya. Ka nemi a auna hayaƙin. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon bawul, ka ce a bar maka tsohon ka gani.

Idan haya kake yi, duk wannan nauyin mai gida ne. Naka shi ne ka sanar da shi a rubuce, da kwanan wata da hoton abin da ma'aunin zafi ke nunawa. A birnin New York, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu doka ta ɗora wa masu gidajen haya samar da ɗumi, wanda aka ƙi kulawa kuma yana kai ƙara ta 311. Wasu manyan birane da yawa ma suna da irin wannan doka, ka nemi ta garinku.

Daren da ake jiran mai gyara

A gida, idan hunturu ya tsananta, mun saba da kaskon gawayi a ɗaki. Ko a can ma yana kashe mutane idan an rufe ƙofa da taga, balle a waɗannan gidaje da aka toshe kowace kafa don kada ɗumi ya fita. Kada ka shigo da gawayi, ko murhun gasa nama, ko janareta cikin gida ko gareji. Kada ka buɗe tandar girki ka bar ta tana ci don ɗumama falo. Iskar da suke fitarwa, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mutum ya ɗauka mura ce ya je ya kwanta. Idan mutanen gida biyu ko uku suka fara jin haka lokaci ɗaya, kuma suna samun sauƙi idan sun fita waje, a fita a kira 911. Kowane gida mai injin gas yana buƙatar na'urar ƙararrawa ta wannan iska kusa da ɗakunan kwana, a danna maɓallinta duk wata a ji tana kuka.

Ka tara iyali a ɗaki ɗaya, a rufe ƙofofin sauran. Idan akwai hita ta lantarki, a sa ta kai tsaye a soket ɗin bango, nesa da labule da katifa da kamar mita ɗaya, a kashe ta kafin barci ya ɗauki kowa. Ka buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke domin ɗan ɗumin da ya rage ya kai ga bututun ruwa, ka bar famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Idan akwai jariri ko tsoho a gidan kuma sanyin ya wuce misali, kada ka ji nauyin kiran ɗan'uwa ko wani daga masallacin unguwa ku kwana a wurinsa, ka gitta marufin gas ɗin injin kafin ku fita.